Ƙaura Tsakanin Android da iPhone: Abin da Ya Kamata Matashi Ya Sani Tun Kafin Ya Biya Kuɗi

Waɗanda suka yi samartaka a biranen Najeriya tsakanin 2010 da 2013 ba su manta da BlackBerry ba. A wancan lokaci ba lambar waya ake tambaya ba, lambar BBM ake tambaya, kuma wanda ba ya riƙe da wayar nan mai jerin maɓallai, idan an zauna a majalisa sai dai ya zama ɗan kallo. Mutane sun ci bashi don su saye ta. A ƙarshen watan Mayun 2019 aka rufe manhajar BBM da kowa ya sani, a Janairun 2022 kuma kamfanin ya yanke hidimar tsofaffin wayoyinsa gaba ɗaya. Haka aka yi da Nokia Lumia mai aiki da Windows: ga kyamara, ga ƙwari, amma masu ƙera manhajoji suka ƙi zuwa, Microsoft ya janye hannunsa, WhatsApp kuma ya daina aiki a kanta a ƙarshen 2019. Duk wanda ya zuba hotunansa da lambobinsa da hirarrakinsa a waɗannan wayoyi bai tanadi hanyar fita ba, ya san abin da ya rasa.

Yanzu tsari biyu ne suka rage a kasuwa. Akwai iOS na kamfanin Apple, wanda ya fito da iPhone ta farko a 2007, akwai kuma Android na Google, wanda wayarsa ta farko, ƙirar HTC, ta fito a 2008. Bambancin da ke tsakaninsu tun daga tushe yake. Apple shi ke ƙera wayar, shi ke rubuta tsarin da ke tafiyar da ita, shi ke tsare ƙofar shagon manhajojinta. Google kuwa ya saki Android ga duk mai son ƙera waya, shi ya sa Samsung da Redmi da Oppo da Tecno da Infinix da itel duk Android ne, alhali tsakanin mafi araharsu da mafi tsadarsu akwai tazarar da ta fi ninki goma. Nan ne matasa da yawa ke yin kuskuren farko. Yaro ya shekara biyu da ƙaramar waya mai araha wadda ke maƙalewa in an buɗe manhaja uku, sai ya taɓa iPhone ɗin abokinsa ya ji santsi, ya yanke hukunci cewa Android ba ta da kyau. Abin da ya gwada ba Android da iPhone ba ne, waya mai araha ce da waya mai tsada.

Sauya tsari ya fi kama da tashi daga gida zuwa wani gari fiye da sayen sabuwar waya. Akwai kayan da za su shiga mota, akwai waɗanda sai an kwance su, akwai waɗanda dole a bari, kuma mai hankali yana lissafa su kafin ranar tashi.

Kaya mafi nauyi a wayar matashin yau shi ne WhatsApp. A ciki ake ciniki, a ciki darussan makaranta suke, a ciki saƙon muryar mahaifiya yake, wani lokaci har da na wanda ya riga mu gidan gaskiya. Mutane da yawa sun ɗauka tunda suna yin ajiyar hirarrakinsu kowane dare, da sun sa lambarsu a sabuwar waya komai zai dawo. Haka ne idan daga Android zuwa Android ne, ko daga iPhone zuwa iPhone. Amma ajiyar Android tana zaune ne a Google Drive, ta iPhone kuma a iCloud, kuma ɗaya ba ta buɗe ta ɗaya. Shekaru da dama babu wata halastacciyar hanya ta tsallakawa da hirarraki, sai a 2021 aka buɗe hanyar tashi daga iPhone zuwa wayoyin Samsung, sannan a 2022 aka buɗe ta Android zuwa iPhone ta manhajar Move to iOS. Hanyar tana da sharuɗɗa, kuma wanda ya fi cin mutane shi ne wannan: dole iPhone ɗin ta kasance sabuwa fil, ko an goge ta tas ta koma kamar ranar da ta fito daga kwali. To, abin da aka saba gani shi ne a sayi waya da yamma, mai shago ya kunna ta ya saita, a sa layi, a shiga WhatsApp a ɗora hoto don abokai su san an samu ƙaruwa, sai bayan isha'i a tuna da tsofaffin hirarraki. A lokacin zaɓi biyu ya rage, ko a sake goge sabuwar wayar a fara daga farko, ko a haƙura.

Aikin kansa yana son natsuwa. Ana ajiye wayoyin biyu kusa da juna, kowace a jikin caja, a kan Wi-Fi ɗaya, da lambar waya ɗaya. iPhone ta nuna wasu lambobi, a rubuta su a tsohuwar wayar, a zaɓi abin da za a kwashe, sai layin ci gaba ya fara tafiya a hankali a ƙasan allo. Idan hotuna da bidiyon rukunin 'yan uwa sun taru shekara da shekaru, yana iya ɗaukar sa'o'i. Kira ya shigo ko wuta ta ɗauke batir ya mutu, a koma baya. Shi ya sa ya fi kyau a share tarkacen bidiyon da aka turo tun kafin a fara, a kuma zaɓi lokacin da ba a gaggawa. Tarihin kiran WhatsApp ba ya bin mutum ko da komai ya tafi daidai.

Lambobin mutane sun fi sauƙi, in dai an adana su a inda ya dace. Wanda ya saba ajiye suna a asusun Google ɗinsa, da ya sa wannan imel a iPhone sunayen za su sauko. Wanda ya ajiye a cikin ƙwaƙwalwar wayar kawai, ko a sim wanda ba ya ɗaukar fiye da 'yan ɗaruruwan sunaye, shi ne za a gani washegari yana roƙon jama'a kowa ya turo sunansa. Akwai kuma matsalar da ta fi wannan yawa a tsakanin matasanmu: mutum bai san kalmar sirrin imel ɗinsa ba, domin mai shago ne ya buɗe masa ranar da ya sayi waya, ko wani yayansa da ya daɗe da mantawa. Wannan imel shi ne makullin hotuna, da lambobi, da Facebook, wani lokaci har da shafin makaranta. Kafin a yi maganar sabuwar waya, a fara tabbatar da cewa an san shi, an san kalmar sirrinsa, kuma lambar da aka maƙala masa tana hannu. Manhajojin banki da irin su OPay da Moniepoint su ma sukan nemi a tabbatar da sabuwar na'ura ta saƙon lambobi, don haka layin da aka yi rijista da shi ya zama yana aiki. Manhajar da aka saya da kuɗi a Play Store kuwa ba ta bin mai ita zuwa App Store, sai ya sake biya.

Bayan an sauka lafiya sai zaman yau da kullum, kuma a nan ne ake gane cewa wayoyin nan ba don mutum ɗaya aka ƙera su ba. Ba banza ba ne kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, mai Tecno da Infinix da itel, yake sayar da kusan rabin wayoyin zamani da ake saye a Afirka. Ya zauna ya duba yadda mutanen nan ke rayuwa. Ya ga suna riƙe layi biyu saboda wani ya fi ƙarfi a ƙauye wani ya fi arahar data, ya sa gurbin sim biyu. Ya ga wuta ba ta tsayawa, ya sa babban batir. Ya gyara kyamara ta riƙa fito da fuskar baƙar fata yadda take. Ya kuma buɗe cibiyoyin gyara na Carlcare a manyan garuruwa. Apple bai yi wannan lissafin da mu ba. Har yau ba shi da shago nasa na kansa a Najeriya, sai dillalan da ya amince da su.

A ɗauki maganar layi. iPhone ba ta fara ɗaukar layi biyu ba sai a 2018, da XS da XR, kuma a mafi yawan ƙasashe ɗaya sim ne na hannu, ɗayan kuma eSIM, wato layin da ake sauke shi cikin wayar ba tare da kati ba. MTN ya fara bayar da irinsa a Najeriya a 2020, wasu kamfanonin suka biyo baya. Daga iPhone 14 ta 2022, duk wadda aka ƙera don kasuwar Amurka ba ta da gurbin sim ko ɗaya, kuma wasu daga cikin tsofaffin wayoyin da ke shigowa ƙasar nan ta can suke biyowa. Matashin da ya saba zare sim ya sa a ƙaramar wayar ƙaninsa idan caji ya ƙare, ya sani cewa da eSIM wannan ya wuce. Sauya waya na iya kai shi ofishin kamfanin layi da lambarsa ta NIN. Amma akwai alheri a ciki, domin ɓarawo ma ba zai iya zare layin ba.

Batir kuma magana ce da ba sai an yi wa ɗan Arewa dogon bayani ba, musamman wanda ya ga duhun ƙarshen Oktoban 2024, lokacin da jihohi da dama suka haura mako guda babu wuta, masu cajin waya da janareta suka cika maƙil. Matsakaitan wayoyin Tecno da Infinix da Redmi da Samsung yawanci suna zuwa da batir mai 5,000 mAh. Na iPhone XR 2,942 ne, na iPhone 11 kuma 3,110. Gaskiya ne tsarin Apple ya iya tattalin wuta, don haka lambobin ba su faɗi komai da komai ba, amma waɗannan lambobi na sabon batir ne, kuma XR da 11 da ke yawo a hannun matasa yau sun shekara da shekaru. Shi ya sa ake yawan ganin mai iPhone da fawa-banki a ɗaya hannun. Caja ma abin dubawa ce. Har zuwa iPhone 14, bakin cajin Apple nasa ne shi kaɗai, wanda ake kira Lightning. Sai a 2023, bayan Tarayyar Turai ta kafa doka, iPhone 15 ta koma USB-C irin na sauran wayoyi. Mai tsohuwar iPhone da ya kwana a gidan da kowa Android gare shi, in bai zo da igiyarsa ba, da matacciyar waya zai tashi. Tun daga 2020 kuma Apple ya daina sa kan caja a kwali, Samsung ma ya bi sahu a manyan wayoyinsa.

Sai wasu abubuwa da ba a rubuta su a talla, amma su ne rayuwar Bahaushe da wayarsa. Rediyo na ɗaya. Yawancin ƙanana da matsakaitan wayoyin Android suna kama FM ba tare da data ba, mutum na aiki yana jin labaran rana ko shirin siyasa. iPhone ba ta da rediyon FM. Duk abin da za a saurara sai ta intanet, kuma data kuɗi ce. Na biyu, katin memori. Al'adar kai waya wurin masu ɗora fina-finai da waƙoƙi da karatun malamai, a cika kati da tafsirin azumi guda a kan kuɗi kaɗan, ta ginu ne a kan Android. iPhone ba ta taɓa karɓar katin memori ba. Girman da aka saye ta da shi, da shi za ta ƙare, kuma mai giga 64 yana cika da wuri fiye da yadda ake zato. Ramin abin sauraro na kunne ma an cire shi tun iPhone 7 a 2016. Na uku, tura abu. A aji ko a wurin biki, wani ya ce a tura masa ta Bluetooth. iPhone ba ta tura fayil zuwa Android ta wannan hanya. AirDrop yana da sauri ƙwarai, amma an gina shi ne don na'urorin Apple. Abin da ke haɗa ɓangarorin biyu shi ne irin su Xender, ko a koma WhatsApp a ƙona data.

Ɗalibai su lura da wani ƙaramin abu mai ɓata rana guda. Tun 2017 iPhone ke adana hoto a wani tsari da ake kira HEIC, wanda ke rage nauyi, amma shafukan rijista da yawa JPEG suke karɓa. Mutum ya ɗauki hoton takardarsa tas, shafi ya yi ta ƙi, shi kuma yana zargin intanet. A saitin kyamara akwai wurin da ake mayar da ita tsarin da kowace na'ura ke ganewa.

Hannu ma sai ya sake koyo. Android tana da hanyar komawa baya guda ɗaya da ke aiki a ko'ina, iPhone kuwa wani lokaci a ja daga gefen hagu, wani lokaci a nemi kibiya a sama. Wannan mako ɗaya ko biyu ne ya wuce. Mai son rubuta Hausa da ƙa'ida, da ɓ da ɗ da ƙ, ya daɗe da samun biyan buƙata a allon rubutu na Gboard, kuma Apple ya ƙara allon Hausa a iOS 17 a 2023. Abin farin ciki ne wannan, kuma ya kamata matasa su kunna shi ko wace waya suke riƙe da ita, domin harshen ya cancanci a rubuta shi daidai.

Duk wannan ba ya nufin masu son iPhone ruɗu ne ya ɗebe su. Tana da abubuwan da ta yi fice a kansu, kuma babba shi ne tsawon rai. iPhone 6s ta fito a 2015, ta ci gaba da karɓar sabon tsari har iOS 15 na 2021. Ƙananan wayoyin Android da yawa sabuntawa ɗaya ko biyu suke samu a manta da su, ko da yake a sama abin ya canja: Google ya yi alkawarin shekara bakwai ga Pixel 8 a 2023, Samsung ma haka ga Galaxy S24 a 2024. Sabuntawa ba kwalliya ba ce, da ita ake toshe ƙofofin da 'yan damfara ke shigowa. Bidiyon iPhone yana da kyau kuma yana fita da kyau a Instagram da TikTok, don haka ga mai sayar da atamfa ko turare ko abinci ta intanet, ko mai ɗaukar bidiyon biki, kayan sana'a ce. Ba ta zuwa da tarin manhajojin talla da ke cika wasu wayoyi masu araha. Tana riƙe daraja in an tashi sayarwa. Ƙofarta a tsare take: a ƙasashenmu ba a sa mata manhaja sai daga App Store. Wanda ya saba sauke manhaja daga duk inda ya ga dama zai ji an takura shi, amma wannan 'yancin na Android shi ne hanyar da jabun WhatsApp irin su GB ke shiga, waɗanda ke jawo a rufe wa mutum lamba, da manhajojin bashi da ke kwashe sunayen mutane su tozarta mai waya a gaban danginsa, har sai da Google ya hana su taɓa lambobi da hotuna a 2023.

Inda ake zubar da hawaye da gaske shi ne wajen saye, domin kaɗan ne cikin matasa ke sayen iPhone sabuwa. Lissafin a bayyane yake. iPhone 15 ta fito a kan dala 799. Bayan an saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024. Wato kuɗin wayar ya kai kimanin naira miliyan 1.2 kafin ribar ɗan kasuwa, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya zama naira 70,000 a Yulin 2024. Albashin wata 17 ke nan cur. Saboda haka kasuwar ta koma ta wayoyin da aka riga aka yi amfani da su, waɗanda ake kira Landan-yus ko da ba su taɓa ganin Landan ba, daga Computer Village a Ikeja zuwa Banex a Abuja, zuwa Farm Centre da titin Beirut a Kano.

A irin waɗannan kasuwanni akwai 'yan kasuwa masu amana da yawa, kuma su ne za su fi kowa son mai saye ya duba da kyau. Mai shago zai zaro waya daga leda, ya goge gilashin da gefen rigarsa, ya juya bayanta idon kyamara ukun nan su yi ƙyalli, ya ce, "Ƙanena, duba da kanka, ko ƙwarzane babu." Jikin waya shi ne abu na ƙarshe da ya kamata ƙanen nan ya duba. Ya fara da iCloud. Tun 2013 Apple ya sa makullin da ke ɗaure waya da asusun mai ita. In tsohon mai ita bai fita ba, ranar da aka goge ta za ta tsaya tana neman kalmar sirrin wani baƙo, kuma ba mai gyaran da zai buɗe ta ta hanyar gaskiya. Maganin shi ne a goge wayar gaba ɗaya a gaban mai saye, ta tashi, ya sa nasa asusun da hannunsa kafin kuɗi su bar aljihu. Sannan ya shiga saiti ya duba lafiyar batir, abin da Apple ya ƙara a 2018 bayan an kama shi yana rage gudun tsofaffin wayoyi. In ta yi ƙasa da kashi 80 cikin 100, kuɗin sabon batir na nan tafe. Ya duba shafin bayanin waya, inda sababbin tsare-tsare ke nuna ko an canja gilashi ko batir ko kyamara, da kuma ko wani kamfanin layi na waje ya kulle ta. Wadda aka kulle ana lallaɓa ta ne da wani siririn abu a ƙarƙashin sim, kuma tana iya daina kama layi kowane lokaci. Ya gwada buɗewa da fuska. Ya danna *#06# ya ga lambar IMEI ta dace da wadda ke cikin saiti, ya sa a rubuta ta a rasit, domin wayar sata in aka bi sawunta, wanda aka same ta a hannunsa shi zai fara amsa tambaya.

Akwai kuma wayoyin da aka sauya wa riga: cikin XR ne, an sa shi a gangar jikin sabuwar ƙira mai ido uku. Wasu 'yan kasuwa suna faɗa a fili su sayar da ita a farashinta, wasu ba sa faɗa. Shafin bayanin waya yakan tona asiri, haka ma kyamarorin da biyu daga cikinsu ado ne kawai. Ko an faɗa ko ba a faɗa ba, matashi ya san abin da yake saye: XR ta 2018 ce, kuma iOS 26 da ya fito a 2025 bai haɗa da ita ba. Waɗanda suka riƙe iPhone 6 sun ga ƙarshen wannan hanya a 2025, lokacin da WhatsApp ya daina aiki a kan duk wadda ba ta kai iOS 15.1 ba. Abin da ke damun mai wannan rubutu shi ne ganin yaro ko yarinya sun sayar da lafiyayyar waya mai shekara ɗaya, mai kwana da caji, sun cika kuɗin makaranta ko jarin sana'a a kai, sun karɓi wadda ta kusa ritaya, don kawai tambarin da ke bayanta ya fito a hoton madubi. Matsin abokai gaskiya ne, kuma ba a raina shi. A wasu wurare har ya shiga maganar toshi da lefe. Amma kallon da za a yi wa wayar na 'yan kwanaki ne, gyaran gilashinta kuwa, in ta faɗi, yana iya kai kuɗin wata sabuwar ƙaramar waya.

Masu dawowa daga iPhone zuwa Android su ma suna da nasu aikin. Hotunan da ke iCloud ba sa biyo su da kansu, kuma wurin da Apple ke bayarwa kyauta giga 5 ne kacal, na Google kuwa 15, duk da cewa tun 2024 ajiyar WhatsApp ma a cikinsa ake lissafa ta. Dabara mai kyau ita ce a sa Google Photos a kan iPhone ɗin tun da wuri, a bar hotuna su hau a hankali a duk lokacin da aka samu Wi-Fi. WhatsApp yakan buƙaci igiya tsakanin wayoyin biyu a lokacin da ake saita sabuwar. A kashe iMessage kafin a zare layi, in ba haka ba saƙonnin masu iPhone za su riƙa tafiya inda ba mai karantawa. Wanda ya sayi agogon Apple kuma ya san ba ya aiki da Android. Kowane kamfani yana son ya ɗaure mutum da ƙananan igiyoyi irin waɗannan, shi ya sa ya fi wa matashi alheri ya riƙa ajiye muhimman abubuwansa a manhajojin da ke aiki a ɓangarorin biyu.

Ƙwacen waya ya zama ruwan dare a Kano da wasu biranen, har da asarar rayuka, kuma waya mai tsada a hannu a bakin titi tana jawo ido. Ba wayar da ta kai ran mutum. In an tare shi da makami ya miƙa. Abin da zai iya yi tun kafin ranar shi ne ya kunna manhajar neman waya, wadda kowane ɓangare ke da ita, da ƙarin kariyar sata da Apple da Google suka fito da ita a 2024. Ya kuma sa wa sim ɗinsa lambar sirri, domin sau da yawa ba wayar ce babbar asara ba, layin ne, wanda ɓarawo ke sawa a wata waya ya shiga asusun banki da lambobin da ake dannawa.

Tsohuwar wayar kada a rabu da ita ranar da aka sayi sabuwa, ko da mai shago ya yi tayin musaya mai daɗi. A riƙe ta mako ɗaya ko biyu, domin sai an zo biyan kuɗi ko shiga wani shafi ake tuna abin da aka bari a ciki. In an tabbatar komai ya tsallaka, a fita daga asusun Google ko na iCloud tukuna, sannan a goge ta. Android ma tana da irin makullin nan da ke ɗaure waya da asusun mai ita tun 2015, kuma ƙanin da aka ba wayar kyauta zai dawo da ita washegari tana neman imel ɗin yayansa. A zare katin memori, a zare sim, a duba cewa ta tashi babu sunan kowa a kanta, sannan a miƙa.